Fayil Ɗin Yaya Ya Yi Ja

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na riga kowa zuwa ofis, har mai shara ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya ƙalau. Littafin nan don rubuta abubuwan taro na saye shi, to ga shi zai zama na surutu, tunda a gida ba a magana, a nan kuma ba na so a ji.

Ranar Juma'a 29 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana, za a kashe tsohuwar na'ura. Rajistar mutanen garin nan kaf za ta koma sabuwa. Tsohuwar ba ta da tsirfa, duk abin da ka zuba mata haɗiyewa take yi, har "oho" an taɓa rubuta mata a gurbin ranar haihuwa ta karɓa. Sabuwar kuwa sai fayil ya bi ta rariya. Haka muke kiran manhajar tantancewa. Fayil ya cika ƙa'ida, ya yi kore ya wuce. Bai cika ba, ya yi ja ya tsaya. Wanda ranar 29 ta riske shi a tsaye, tare da tsohuwar na'ura zai tafi.

Ni na rubuta ƙa'idojin, shekara uku ke nan. Ni na zana ontolojin, wato taswirar da ke faɗin mene ne mutum, mene ne gida, mene ne dangantaka, da wanne ke ƙarƙashin wanne. Tana manne a bango bayan kujerata. 'Yan ofis suna ce mata Bishiya, ni kuma suna ce min Malama Ƙa'ida. Da ina jin daɗin sunan.

Injiniya ya gwada rariyar a kan rajista gaba ɗaya, ja ya haura dubu uku. Yawanci shirme ne, irin mai shekara ɗari biyu da wanda ya girmi uwarsa. Yau zan fara duba jerin.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Fayil ɗin Yaya yana cikin ja.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jiya ban buɗe shi ba. Yau da kowa ya tashi na buɗe. Hotonsa ne na ranar da ya sabunta kati, da rigar nan mai lanƙwasasshiyar kwala, ya wani haɗe rai don kada dariya ta ƙwace masa. A ƙasa rariya ta rubuta dalilinta: an saɓa ƙa'ida ta 14.

Ba sai na duba ba, na haddace ta kamar sunana. A jikin Bishiya, ƙarƙashin Mutum, reshe biyu ne, Rayayye da Mamaci. Kowa dole ya hau ɗaya, ba ya hawa biyu, ba ya zama a ƙasa. Mamaci sai da ranar rasuwa. Rayayye sai da ranar da aka gan shi cikin wata shidan da suka wuce, da wanda ya gan shi. Ga sauran jama'a gurbin da kansa yake cika, ka je asibiti ko ka sabunta kati, ma'aikaci ya ɗora yatsanka, shi ke nan. Yaya yau watansa takwas da kwana sha ɗaya rabon da a gan shi.

Irinsa ɗari huɗu da sha biyu ne. A akwatin ƙarin bayani kusan magana ɗaya aka rubuta musu duka: ya fita ranar gada, bai dawo ba. Ranar da aka yi hargitsin nan a kan gadar gari ke nan. Rariya ba ta karanta wannan akwatin. Ni na ce kada ta karanta, wai nan ne mutane suke zuba son ransu.

Na tuna ranar da na gabatar da Bishiyar a ɗakin taro. Wani dattijo mai shigar da bayanai, yanzu ya yi ritaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to wanda ba a san halin da yake ciki ba fa?"

Na ce, "Baba, rashin sani matsalarmu ce, ba halin mutum ba ne. Mutum ko yana numfashi ko ba ya yi."

Aka yi dariya, har da masu tafi. Ya ce to, Allah ya sa haka ne, ya zauna. Na tsani muryata ta ranar nan.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ina ajiye jaka Umma ta ce, "Auta, yau ba wani labari a wurinku?" Kullum sai ta tambaya. A ganinta tunda sunayen mutanen gari duk suna hannuna, in an ga ɗanta ni zan fara ji. Na ce babu, Umma. Ta ce Allah ya sa mu ji alheri, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Fankar da Yaya ya kwance zai gyara tana nan a kan teburin falo, kusoshinta cikin murfin kwalba. Anti, matarsa, tana goge ta duk Asabar ba tare da ta gusar da ko ƙusa ɗaya ba. Wata takwas ke nan a kan cinya muke cin abinci, ba wanda ya taɓa cewa komai.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sami Injiniya a ɗakin na'urori yana cin gyaɗa, daidai ƙarƙashin takardar hana cin abinci da shi ya manna. Na ce ina so a ƙara reshe na uku, Wanda ba a san halinsa ba.

Ya ce, "Aikin minti goma ne, Malama Ƙa'ida. Kawo min hannu uku."

Ya nuna min ƙa'ida ta 2 da yatsansa mai gishiri. Ba a taɓa Bishiya sai da sa hannuna, da na Shugaba, da na wakilin hedkwata. Ita ma ni na rubuta ta, bayan wani ya taɓa ƙara reshe ba shawara na yi sati guda ina zuba masifa.

Ya ce, "Saboda naki ne?" Ya san amsar, duk ofis sun sani. Na ce aiki nake yi.

Bari in rubuta abin da ke cina, ko zai rage nauyi. Asibitoci da wuraren da ake tsare mutane, in aka kai musu wanda ba ya iya faɗin sunansa, yatsansa suke ɗorawa a nemi mai shi a rajista. Kuma cikin Rayayyu kaɗai ake nema. Ta haka aka gano mutum biyu daga cikin 'yan ranar gada, ɗaya a kwance a asibiti, bakinsa ba ya motsi. In Yaya ya tsaya a baya, ko aka ɗora shi a ɗaya reshen, ana iya ɗora yatsansa sau goma na'ura ta ce ba ta san shi ba.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na rubuta takardar neman gyara, shafi huɗu, da zane. Na miƙa wa sakatariyar Shugaba. Ta ɗora ta a kan tarin takardu, ta ɗora kofinta a kai.

Asabar, 9 ga wata, da rana

Ba komai.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

Da na kunna kwamfuta na ga ɗari huɗu da sha biyu sun koma ɗari uku da saba'in da ɗaya. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce an gano su, an buɗe wani wuri an fito da su, mutum arba'in da ɗaya! Na nemi sunan Yaya, na ga yana nan a ja, amma duk da haka raina ya yi fari don wasu. Minti biyu na yi ina murna.

Sai na buɗe na farko. Mamaci. Na biyu, Mamaci. Duk rana ɗaya, ranar gada. Duk hannu ɗaya ya shigar.

Sarkin Sauri muke ce masa, don ba mai kamo shi a buga rubutu. Magidanci ne, 'ya'yansa huɗu, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na tsaya a kansa na ce, "Wa ya kawo maka shaidar rasuwarsu?"

Ya cire tabarau ya ce, "Malama, an raba wa kowa jan da zai share kafin 29. Gurbi biyu kika ba ni. Ɗaya yana neman wanda ya gani, ɗaya rana kawai yake nema. Ranar kuwa kowa ya san ta."

Na ce, "Ka kashe mutum arba'in da ɗaya kafin ka sha shayi."

Ya ce, "Ni ban kashe kowa ba. Kore na mayar da su."

Na ɗaga murya, na faɗi abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Bai rama ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Na dawo kujerata na kulle sauran fayilolin da sunana, yadda ba mai iya taɓa su sai ni.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na gwada dawo da arba'in da ɗayan. Ƙa'ida ta 19: Mamaci ba ya sauka daga reshensa sai da takardar kotu. Kai, yarinyar nan ta shekara uku da suka wuce ba ta bar ko kafar allura ba. In na gan ta sai na shaƙe ta.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shugaba ya kira ni. Takardata tana gabansa da zoben kofi a shafin farko, kuma na lura iyakar inda ya karanta ke nan.

Ya ce, "Malama, takardarki ta yi kyau, kin san aikinki. Amma in muka buɗe reshe, dole a ƙirga waɗanda suka hau shi, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Ai amfaninsa ke nan."

Ya ce, "To nan matsalar take. Yanzu ba wanda yake da adadi. Ranar da reshen nan ya fito, akwai adadi, kuma da hatimin ofishinmu a kai." Ya ɗaga kai ya kalli silin, kamar hedkwata a can take zaune.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutane ne."

Ya ce, "Na sani. Na san da naki a ciki, Allah ya bayyana shi. In wakili ya sa hannu, ni ma zan sa."

Ba mugu ba ne, shi ya sa na rasa inda zan zuba fushina. Na fito na shiga banɗaki na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwa.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Na sami wakilin hedkwata a waya bayan kira na bakwai. Ya ce in Shugaba ya sa hannu shi ma zai sa, kuma dai irin wannan sai kwamiti ya zauna, zamansu na gaba nan da wata uku. Ya tambaye ni ya iyali.

Juma'a, da yamma

Babu, Umma.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Muna shanya ni da Anti, Umma ta shiga ciki ta kwanta. Anti ba ta kalle ni ba, tana matse zanin gado ta ce, "Auta, ki gaya min tsakaninki da Allah. A takardarku me aka rubuta masa?"

Na ce, "Ba a rubuta komai ba tukuna."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe tare muke. Ni ma ba a rubuta min komai ba. In an tambaye ni mai gida, sai in kama gyaran ɗankwali."

Na so in gaya mata maganar 29. Ta miƙo min bakin zanin muka ja tare. Ta rame, zobenta yanzu a yatsan tsakiya take sa shi.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kwana biyu ina neman ɓaraka a rariyata kamar ɓarauniya. Na bar gurbin hali ba komai, ja. Na sa tsohuwar ranar da aka gan shi, ja. Na gwada ɗora shi a matsayin wanda ya ƙaura, ta ce wanda ya ƙaura ma Mutum ne, ko Rayayye ko Mamaci. Na gwada wata dabara da Injiniya ya raɗa min, ta kama ni cikin ƙiftawar ido. Ya leƙo ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, aikin ne ya yi kyau."

Ƙofa ɗaya ce, kuma tun ranar farko nake ganinta ina kawar da kai. Wanda zai ce ya ga mutum, ko dai ma'aikaci ne da ya ɗora yatsansa, ko ɗan uwan da rajista ta san dangantakarsu. Ni ƙanwarsa ce, rajista ta sani.

Ban taɓa shigar da ƙarya a gurbi ba. Shekara tara. Na taɓa sa an ba wata takardar gargaɗi a kan ta ƙirƙiro sunan unguwa.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Na yi tunanin kiran iyalan sauran ɗari uku da saba'in. In ce musu me? Ku zo ku rantse kun ga wanda kuke nema?

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Wani mutum ya zo tagar karɓar jama'a da hoton 'yarsa cikin leda. Ba aikina ba ne tsayawa a taga, na wuce ne kawai, amma na ji sunan na gane shi. Tana cikin arba'in da ɗayan. Ya ce ya zo ne ya ƙara lambar waya ta biyu, ko da za a kira ta farko a ji ta a kashe. Mai taga ta karɓa ta shigar. Ya yi ta godiya, har da rusunawa. Na koma kujerata ta bayan kabad don kada mu haɗa ido.

Asabar, 23 ga wata

Kaina ciwo. Umma ta ce aiki ya yi min yawa, ta shafa min man zafi a goshi kamar ina 'yar firamare. Na bar ta.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shugaba ya sa an cire kullen da na yi. Ba shi ya gaya min ba, a allon sanarwa na gani: duk jan da ya rage za a raba wa masu shigar da bayanai, a gama kafin safiyar Juma'a. Hedkwata tana so a ce ba a bar kowa a baya ba.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Saura ɗari biyu da tara. Ba na buɗe su. Ina jin ƙarar madannai daga ɗaya ɗakin kamar ruwan sama a kan kwano.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Sarkin Sauri ya zo ya tsaya gefen teburina, karon farko tun ranar da na ci masa mutunci. Ya yi kamar yana neman abin huda takarda. Ya ce a hankali, "Malama, na yayanki a kasona ya faɗo. Sau biyu ina tsallake shi. Amma gobe da yamma abin da ya rage haɗa shi za a yi, ba ni kaɗai zan riƙe ba."

Na ce na gode. Na so in ce ya yafe min, ya riga ya juya.

Laraba, da yamma

Babu, Umma. Babu.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na yi.

Hali: Rayayye. Wanda ya gan shi: ƙanwarsa. Ranar da aka gan shi: jiya, 27. Akwai gurbin wuri, ba a rubutawa, zaɓa ake yi daga jerin da na tsara. Na daɗe ina kallon "a gida", na kasa. Na zaɓi "a kan hanya".

Na danna. Ko daƙiƙa ɗaya ba ta yi ba ta ba ni kore. Na zaci zan ji sanyi ko in ji kunya, ba ko ɗaya, sai yunwa. Na je na sayi burodi na cinye a tsaye.

Wata shida na saya masa. In an ɗora yatsansa a wani wuri cikin wata shidan nan, na'ura za ta san shi. Sauran ban saya musu komai ba, kuma na san sunayen da yawa daga cikinsu. Ba wanda zai san abin da na yi, zai zauna a cikin gurbi kamar sauran dubbai.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe sha biyu da kwata

An kashe ta. Injiniya ya danna, fitilunta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka tafa. Ja ko ɗaya babu. An raba lemo. Shugaba ya yi jawabi, ya ce wannan nasara ta Malama Ƙa'ida ce, da ba don tsantsaninta ba da rajista ba ta fito tas haka ba. Kowa ya juyo ya kalle ni, na ɗaga kwalbata.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ina ɗakina, na murza mukulli.

Tun daga bakin layi na ga takalma a ƙofarmu. Na zaci labarin rasuwa ne ya zo. Na shiga na tarar da maƙwabta cike da falo, ana ta barka. Umma tana tsaye a tsakiya, ta sa kayanta na fita, wayarta a hannu, tana kuka tana dariya.

Sabuwar na'ura, duk fayil ɗin da aka canja wa hali, tana tura saƙo ga makusancin da ke rubuce a ciki. Yana shafin ƙarshe na kundin ƙa'idoji, na ƙara shi a gurguje lokacin don a ce mun damu da jama'a. Tsohuwar ba ta taɓa iya yi ba, shi ya sa ya fita daga kaina. Ƙarfe ɗaya saƙonnin suka fita. Gidaje ɗari huɗu da sha ɗaya sun sami nasu, na rasuwa. Mutumin nan mai hoto cikin leda, a layi biyu ya samu.

Namu maƙwabciya ce ta karanta wa Umma, sau uku. An tabbatar yana raye. Wanda ya gan shi, ƙanwarsa. Ranar 27, a kan hanya.

Umma ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Auta, shekaranjiya kika gan shi kika iya yin shiru? Na tambaye ki kika ce min babu? To ba komai, na san shi ya ce kada ki faɗa, na san halinsa. Ya rame? Wace riga ce a jikinsa? Yana da wurin kwana? Me ya hana shi shigowa, ko an ce masa ina fushi ne? Wallahi ba na fushi."

Anti tana jingine da ƙofar kicin, ita kaɗai ce ba ta yi min barka ba. Ta kalle ni sau ɗaya, ta gane, ta juya ta shige.

Na ce bari in ajiye jaka.

Na rubuta wannan duka don in sami abin da zan faɗa, ban samu ba. In na ce ƙarya na yi, yau na karɓe wa Umma ɗanta da bakina a gaban mutane, gobe kuma maganar ta isa ofis a gyara fayil ɗin, kuma gyara ɗaya ne ya rage, Mamaci. In na ce gaskiya ne, sai na nuna mata wurin.

Umma tana ƙwanƙwasawa. Ta ce in yi sauri mu je kan hanyar tun da sauran haske, ta zuba masa abinci a kula, ta riga ta sa takalmi.